Ranar da Rediyon Baba Ya Kira Inna

Ko da tsufa zai zo ya fara kwashe mini abubuwa daga ka ɗaya bayan ɗaya, akwai wata ranar tsakiyar damina da na san ba zai iya ɗauka ba. Ita ce ranar da rediyon mahaifina ya buɗe baki ya kira mahaifiyata, ita kuwa ta amsa. Har yau idan na ba da labarin a gidan biki sai a ce na ƙara gishiri. To ga shi nan yadda ya faru, ban ƙara ba, ban rage ba.

A lokacin muna zaune a gidanmu na Tudun Wada, daga ni sai Inna. Baba ya rasu, yayyena maza kowa ya yi aure ya kama gabansa, ni kuma ban yi aure ba tukuna, ɗinki nake yi a gida. Keken ɗinkina yana falo, jikin taga, nan nake wuni. Matsalata ɗaya ce, ba na iya aiki shiru. Sai da waƙa hannuna yake gudu. Sifikar wayata kuwa ba ta da ƙarfi, da na taka keke sai ƙararsa ta haɗiye waƙar. Na gwada abin sawa a kunne, amma ranar da Inna ta yi ta kirana daga tsakar gida miya tana ƙonewa ban ji ba, ta shigo ta tsaya a kaina ta ce ko in cire abin nan, ko ta cire shi har da kunnen.

A kan kabad ɗin falon akwai rediyon Baba. Ƙato ne, mai gidan kaset biyu, da sifiku guda biyu kowacce kamar akwatin lefe. Inna ta lulluɓe shi da wani ƙyalle mai ado, tana goge shi duk Juma'a. Yana kama tasha sarai, amma gidan kaset ɗin ya lalace, duk kaset ɗin da aka saka masa sai ya tauna zaren. Yayyena sun sha cewa a bai wa masu jari bola, Inna ta ce sai dai bayan ranta.

Maƙwabcinmu ne ya ba ni dabara. Ibo ne, amma haifaffen Zariya, Hausa a bakinsa ta fi ta wasu 'yan gari. Yana da shagon kayan waya a bakin titi, duk unguwa Oga ake ce masa. Na je sayen caja ne nake yi masa ƙorafi, sai ya ce, "Anti, rediyon nan na Baba yana da rai?"

Na ce, "Ransa ɗaya, tasha kawai yake kamawa."

Ya ce, "To ai kin gama. Ga wata 'yar adafta nan." Ya ɗauko wani ɗan baƙin abu da bai kai kwalin ashana ba. "A bayan rediyo za a soka ta. Ki kunna bulutut a wayarki, duk abin da kika saka zai fito ta manyan sifikun nan, ba igiya ba komai. Kin ga wannan ɗan hujin? Ko kiranki aka yi, kina kan keke za ki amsa, mai kiran zai ji ki."

Da yamma bayan ya rufe shago ya yi sallama, Inna ta ba shi izini ya shigo ya haɗa. Wayata ta yi gardama da farko, sai ya ciro ta matarsa, wadda ya ɗauko zai kai shago a canja mata gilashi, ya gwada da ita. Ta kama nan take. Daga baya tawa ma ta haƙura ta kama. Abin da ya fi ba Inna mamaki ba waƙar ba ce. Duk lokacin da aka kunna adaftar, sai wata mata ta yi wani gajeren Turanci ta hanci, wai tana sanar da cewa ta haɗu da waya. Inna ta ja da baya ta ce, "Wace ce wannan kuma?" Oga ya ce ai muryar 'yan kamfani ce, daga Caina. Tun daga ranar Inna ta sa mata suna 'Yar Caina, tana maganarta kamar wata 'yar aiki da muka ɗauka. "'Yar Caina ta tashi?" "Yau 'Yar Caina ba ta jin daɗi ne, na ji tana sarƙewa?"

Wallahi sifikun Baba ba su tsufa ba. Ranar farko da na saki waƙa sai da kwanukan kabad suka yi rawa. Inna ta yi ta mita har kwana ya kewayo, sannan wata safiya na saka mata karatun Alƙur'ani na wani alaramma da take so. Ta zauna a kan darduma tana sauraro, muryar ta cika falon kamar mutum yana zaune a gabanta. Daga nan muka raba lokaci. Safiya tata ce, karatu da tafsiri. Rana tawa ce. Da la'asar kuwa, idan ta ga babu baƙi, sai ta ce a hankali, "Nemo mini irin na zamaninmu, masu kalangu." Na sha kama ta tana kaɗa kai tana tsince shinkafa, idan muka haɗa ido ta haɗe rai.

Gidan Oga katanga ɗaya ce ta raba mu. Bangon falonmu ma shi ne ya yi iyaka da tsakar gidansu. Sai dai ƙofarsu layin baya take kallo, in za ka je sai ka zagaya. Matarsa bai daɗe da ɗauko ta daga garinsu can Gabas ba, shi ya sa muke ce mata Amarya. Doguwa ce mai kunya, ba ta jin Hausa, ba ta cika fita ba sai coci da kasuwa. Idan muka haɗu wurin mai kayan miya, murmushi ne tsakaninmu da ɗaga hannu. Da Sallah mukan aika musu abinci, da Kirsimeti su aiko mana, amma duk ta hannun Oga. A ganinmu zaman lafiya ke nan, kuma a wani fannin haka ne.

Wata Asabar da hantsi malamar Islamiyyar su Inna ta kawo mata ziyara tare da ƙawayenta biyu. Aka kawo ruwa da cincin, aka gaisa. Inna dai tana son ta nuna kayanta, sai ta ce, "Kunna wa Malama karatun nan ta ji yadda yake fita." Na miƙe na kunna rediyo. 'Yar Caina ta yi Turancinta. Ban ma kai ga taɓa wayata ba, sai ganguna suka ɓarke, da tafi, da muryoyin mata masu yawa suna rera waƙar coci da harshen Ibo. Ashe Amarya tana shara a tsakar gidanta tana jin waƙoƙinta, adaftar ta tuna tsohuwar ƙawarta, wayar Amarya, ta cafke ta ta bayan katanga. Ita kuma da ta ji wayarta ta yi shiru, sai ta dinga ƙara murya. Ina danna wayata, ƙarar tana ƙaruwa. Ɗaya daga cikin baƙin ta riƙe kofi a iska ta kasa kai shi baki. Sai da na fizge soket daga bango aka samu lafiya.

Can Malama ta gyara hijabi ta ce, "Hajiya, wannan alaramman ban san shi ba."

Baƙin suka kwashe da dariya har da hawaye, amma Inna ba ta yi ba. Suna fita ta ce in je in gaya wa Oga ya raba 'Yar Caina da wayar matarsa yau ɗin nan, ko kuma ta jefa ta a kwata. Na same shi a shago. Ya yi dariya har ya dafa kanta, sannan ya nutsu ya ce in ba Mama haƙuri, idan ya koma gida zai goge abin daga wayar. Bai goge ba, mantawa ya yi. Ni kuma na gano dabara: idan na fara kunna bulutut ɗina kafin in kunna rediyo, tawa take kamawa. Abin bai sake faruwa ba, kowa ya manta.

Watanni suka wuce, damina ta yi nisa. Amarya tana da ciki, har ya fito sosai. Inna ta hango ta wata rana tana dawowa daga kasuwa ta ce, "Yarinyar nan da saura kamar wata guda." Oga kuma ya tafi Anaca saro kaya, kamar yadda ya saba.

A makon nan mun yi kwanaki ba wuta, wayata ta mutu murus. Ranar da abin ya faru, bayan azahar hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Wanda ya taɓa zama a gidan rufin kwano ya san yadda ake ciki, ko kusa da mutum kake sai ka ɗaga murya. Ni ina tsakar gida ina jera bokitai a ƙarƙashin indararo, Inna tana falo da faifai a cinya tana tsince shinkafa. Abin da ba a saba gani ba, sai aka kawo wuta ana tsakiyar ruwa. Rediyon tun ranar da aka ɗauke a kunne aka bar shi, saboda haka ya farka da kansa. 'Yar Caina ta yi Turancinta. Sai kuma wata muryar namiji ta cika falon, yana magana da sauri da harshen Ibo, yana maimaita kalma ɗaya kamar mai kiran suna.

Inna ta leƙo ta taga ta ƙwala mini kira. "Ke! Zo ki kashe abin nan, 'Yar Caina ta koma namiji!"

Na shigo ina ɗigar ruwa. Hannuna ya kusa kai wa soket sai muryar ta tsaya cak, sannan ta ce da Hausa, "Mama? Mama, ke ce?"

Faifan ya zame daga cinyar Inna, shinkafa ta watse. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wane ne?"

"Ni ne, Mama, maƙwabcinku. Yaya aka yi wayar matata ta zo hannunki?"

Inna ta dubi hannuwanta biyu, ta dubi rediyo. "Ni ba na riƙe da wayar kowa. Kai ne dai ka shiga rediyon Malam."

Da a wani lokaci ne da na faɗi ƙasa don dariya. Amma muryar Oga rawa take yi. Ya ce, "Anti tana nan? Anti, ki saurare ni. Matata ta kira ni ya fi a ƙirga. Da farko layin yana yankewa, ruwa kawai nake ji da kukanta. Yanzu ta sake kira, sai na ji ku. Ba ta taɓa yi mini irin wannan kiran ba. Don Allah ku duba mini ita. Don Allah."

Nan take na gane. Amarya ce ta danna kira a bayan katanga, adaftar ta sace maganar ta kawo falonmu. Ita tana can da waya a kunne ba ta jin komai.

Inna ta riga ni miƙewa. Matar da kullum sai ta dafa bango ta yi salati kafin gwiwoyinta su yarda ta tashi, ranar ban ga lokacin da ta miƙe ba. Ta matsa kusa da rediyon ta ɗaga murya kamar mai magana da kurma, "Kwantar da hankalinka, ga mu nan zuwa!" Ta juyo gare ni. "Ƙofarsu a kulle take ta ciki, na san halinta idan mijin ba ya nan. Ke haura katanga ki buɗe, ni zan zagaya."

Na ce, "Inna, katanga? Akwai kwalabe fa."

Baba ne ya sa aka dasa fasassun kwalabe a kan katangar saboda ɓarayi. Inna ta fizgo katifar kujera ta cilla mini. Na jawo turmi na kife shi kusa da duro, na taka turmi, na taka duro, na ɗora katifar a kan kwalaben. Allah ya taimake ni da dogon wando a ƙarƙashin zani. Ni da ko kujera ba na son takawa in sauya ƙwan lantarki, sai ga ni a kan katanga ruwa yana dukan fuskata. Kwalba ɗaya ta samu tafin hannuna, ban ma ji ba sai daga baya. Na rufe ido na dira, na faɗa cikin 'yar gonar ganyen miyarta.

Tana kwance a ƙofar banɗaki, a gefe ɗaya, rabin jikinta a cikin ruwa. Gansakuka ce ta kwashe ta. Ta riƙe ciki da hannu ɗaya, waya da ɗayan. Ruwan da ke gudu daga ƙarƙashinta zuwa kwata ja ne. Da ta gan ni sai ta miƙo mini wayar tana kuka, tana ce mini da Turanci wai wayar ta lalace, mijinta ba ya magana. Na karɓa na ce mata ya ji, shi ya turo mu. Ban tsaya yin bayani ba, na cusa wayar a aljihu na ruga na zare sakata.

Inna tana tsaye a bakin ƙofar, hijabinta ya manne a jiki, da tsofaffin zannuwa a hammata. Ta durƙusa a kan simintin nan ta tallafo kan Amarya ta ɗora a cinya, ta duba ta sau ɗaya, fuskarta ta canja. Ta ce, "Nemo keken haya. Gudu."

Titin Tudun Wada da ba ya rabuwa da cunkoso, ranar ko acaɓa ɗaya babu. Na yi ta gudu ruwa har idon sawu, sai na hango wani keke mai ƙafa uku an raɓa shi a ƙarƙashin rumfar wani shago. Mai shi dattijo ne, ya naɗe ƙafa a kujerar baya yana cin dafaffiyar masara. Na ce, "Baba, layin baya za mu shiga."

Ya ce, "'Yata, layin nan yanzu kogi ne. Ki bari a tsagaita."

Na ce, "Mace ce a kan gwiwa, ta faɗi, jini take zubarwa."

Ya ajiye masarar a kan kujera, ya tayar da inji.

Kafin mu iso Inna ta buga ƙofar gidaje biyu, mata sun fito. Mu huɗu muka ɗauke ta a cikin zani muka saka a keke. Inna ta shiga ta rungume ta, ni na raɓa a gefe. Muna kaiwa bakin layi sai na ji ana magana a cikin aljihuna. Mun yi wa rediyon nisa, adaftar ta saki wayar. Ashe duk tsawon lokacin nan Oga bai kashe ba, yana can yana yi wa falonmu magana babu kowa. Na ciro na kara wa Amarya a kunne. Da ta ji muryarsa sai ta saki wani kuka mai sanyi, jikinta ya ɗan saki. Haka muka tafi. Inna tana karanto addu'o'i tana tofa mata, Amarya tana kiran Ubangiji da nata harshen, mai keke kuma duk ramin da ya faɗa sai ya ce, "Ya Salamu sallim."

A asibiti ma'aikatan jinya suka karɓe ta da gaggawa. Wata daga cikinsu ta tsaya ta ce, "Ina danginta?"

Inna ta ce, "Ga ni."

"Me kike a wurinta?"

"Uwarta."

Ma'aikaciyar ta dubi Inna da hijabinta, ta dubi sarƙar gicciye a wuyan Amarya, ta buɗe baki. Inna ta ce, "'Yata, yi aikinki, a yi tambayar daga baya." Likita ya zo ya ce sai an yi tiyata. Na ba shi wayar, suka yi magana da Oga, ya amince. Aka tura ta ciki, aka rufe ƙofa.

Sai a lokacin na lura Inna takalmi ɗaya ne a ƙafarta, ɗayan ruwa ya tafi da shi tun a layi. Haƙoranta suna haɗuwa don sanyi. Wata mai jinyar ɗanta ta ara mata mayafi, wata ta ba mu ruwan zafi a kofi. Mai keken nan ya ƙi tafiya, ya zauna a benci yana jan carbi, ya ce sai ya ji yadda aka ƙare. Muka yi sallar la'asar da jiƙaƙƙun kaya. Aka wanke mini hannu aka ɗaure. Ban taɓa sanin cewa mutum zai iya jin tsoro haka saboda wadda ko sunanta na gaskiya bai sani ba.

Dab da magariba ma'aikaciyar nan ta fito tana neman "uwar mai haihuwa". An samu mace, 'yar mitsitsiya, an saka ta a kwalba saboda ba ta cika wata ba. Uwar ta zubar da jini da yawa, an ƙara mata, amma tana raye. Likita ya ce Allah ya sa mun yi sauri. Inna ta ɗaga hannu sama, sannan ta zauna daɓas, gwiwoyin suka tuna da ciwonsu. Sai da ni da mai keke muka kama ta kafin ta iya tashi. Muna isa gida muka tarar mun bar ƙofa a buɗe, kaji sun shiga falo sun gama da shinkafar, rediyo yana ta huci shi kaɗai.

Washegari Oga ya iso, ko gida bai shiga ba ya wuce asibiti, daga can ya zo wurin Inna. Ya durƙusa a ƙofar falo yana kuka kamar yaro. Inna duk kunya ta kama ta, ta ce, "Tashi, tashi, ƙato da kai. Ka ci abinci kuwa?"

Da aka sallamo su, Inna ta karɓe jego ba tare da ta tambayi kowa ba. Ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama da yaji. Amarya ta sha kunun kanwa da hawaye a rana ta farko, daga baya ita take tambaya. Ana cikin haka mahaifiyarta ta iso daga Gabas da buhun busasshen kifi da nata tsarin jegon, farfesu mai yajin da ke sa kunne ƙaiƙayi. Tsofaffi biyu, babu wadda ke jin harshen wata, kowacce ta tabbata ita ta iya. Sai ka gan su a bakin murhu suna musu da hannu da ido, wannan ta ƙara itace, waccan ta janye. A ƙarshe Amarya ce ta sha wahala, don kunu da farfesu duka ake ɗura mata. Ranar da tsohuwar za ta koma garinsu, suka rungume juna a bakin ƙofa suna kuka, kowacce tana magana da harshenta.

Oga ya goge adaftar daga wayar matarsa da hannunsa, a gaban Inna. Har yau shi da yayyena ba su gama musu a kanta ba. Su suna cewa ita ta ceci rai biyu. Shi yana cewa ita ce ta toshe wa matarsa kunne a lokacin da ta fi bukatar ta ji shi. Ni dai ina ganin duka biyun gaskiya ne, kuma Allah ne ya juya abin yadda ya so.

Maganar da ta tsaya mini a rai daban ce. Wata rana bayan arba'in ina auna Amarya zan ɗinka mata kaya, jaririyar tana barci a bayan Inna, sai na tambaye ta da Turanci me ya sa ba ta kira mu ba, ta tsaya kiran mutumin da yake can wata uwa duniya. Ta dube ni ta ce, "Da wace lambar?" Na ce to ai da ta yi ihu, katanga ɗaya ce. Ta ce ta yi, har muryarta ta dishe, ruwa ne ya hana mu ji. Ta ce ba ta san sunana ba, ba ta san yadda ake neman taimako da Hausa ba. Kalma ɗaya ta sani, ita ta yi ta faɗa da iyakar ƙarfinta tana kallon katangarmu.

Na ce, "Wace kalma?"

Ta yi dariya tana jin kunya ta ce, "Sannu. Na yi ta cewa sannu, sannu."

Na fassara wa Inna. Na zaci za ta yi dariya, amma sai ta juya fuska ta daɗe tana jijjiga jaririyar. Can ta ce in karɓi wayar Amarya in saka mata lambata, da ta yayyena, da ta matan nan biyu na layinsu. Sannan ta zaunar da ita ta fara koya mata: a taimaka, ku zo, ba ni da lafiya. Amarya tana maimaitawa, Inna tana gyara mata.

Yarinyar yanzu tana firamare, Hausarta ta fi ta ubanta, kuma Kaka take ce wa Inna. Ni na yi aure na koma Tudun Jukun, na zauna da maƙwabta iri-iri. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, rashin faɗa da maƙwabci bai isa a kira shi zaman lafiya ba. Kana iya yi wa mutum murmushi shekara guda, ka aika masa tuwon Sallah, alhali idan ya faɗi bai san da wane suna zai kira ka ba. Shi ya sa duk wanda ya tare kusa da ni, kafin ya gama kwance kayansa na yi sallama. In faɗa masa sunana, in tambayi nasa, in ba shi lambata, in ce masa ko wane lokaci ne ya kira, zan ɗauka.